Kura da Shan Bugu: Yadda Tsufa Ya Riski Mawaƙan Rok da Fank

A shekarar 2024 ƙungiyar Rolling Stones ta zaga manyan filayen wasa na Amurka da Kanada, kuma wadda ta ɗauki nauyin rangadin ita ce AARP, ƙungiyar da ke kula da muradun dattawa da 'yan fansho a Amurka. Mawaƙin ƙungiyar, Mick Jagger, na da shekara 80 sa'ad da aka fara, haka ma abokinsa Keith Richards. Jagger ɗin nan ne a 1975 ya ce gara ya mutu da a ce ya kai shekara 45 yana rera "Satisfaction". Ga shi ya ɗora 35 a kan 45 ɗin, da ita yake rufe wasa, jama'a kuma na zuba ɗaruruwan daloli don su ji.

A wajen Bahaushe babu abin mamaki ga tsohon mawaƙi. Shata ya yi waƙa har kusan rasuwarsa a 1999, Ɗan Maraya Jos ya riƙe kuntiginsa har furfura ta gama kai, ba a kuma taɓa cewa sun wuce lokacinsu ba. A wajenmu murya sai ta kwana biyu take nuna. Kiɗan rok da pop ba a kan wannan tunani aka haife su ba. An ƙirƙire su ne don samari da 'yan mata, an tallata su a matsayin tawaye ga iyaye, kuma masu yin su kansu ba su zaci sana'ar za ta wuce 'yan shekaru ba. Lokacin da Beatles ke tashe a farkon shekarun 1960, an tambayi makaɗinsu Ringo Starr abin da zai yi idan kasuwar ta watse, ya ce shagunan gyaran gashi zai buɗe. Wasu ma ba su ga watsewar ba. Brian Jones, wanda da shi aka kafa Rolling Stones, ya mutu a 1969; Jimi Hendrix da Janis Joplin a 1970; Jim Morrison a 1971. Dukkansu suna da shekara 27.

Yaron da ke ganin sana'arsa ba za ta kai baɗi ba, ba zai tsaya karanta takarda ba. An miƙo masa biro, an nuna masa sabuwar mota, ya sa hannu. Yawancin abin da ya faru da waɗannan mutane bayan sun tsufa, daga wannan sa hannun ya samo asali, kuma shi ne abin da na fi tunawa duk lokacin da na ga hotonsu yanzu.

Amma kafin nan, me ya hana su sauka daga dandamali? Akwai son abin, ba shakka. Wanda ya saba mutum dubu hamsin su amsa masa, zaman falo ba zai yi masa daɗi ba. Sai dai akwai lissafi. A da faifai ne ke kawo kuɗi, rangadi kuwa talla ce kawai ta sabon faifai. Da faifan CD ya fito a shekarun 1980, kamfanoni suka sake sayar wa mutane waƙoƙin da suka riga suka saya a faifan garmaho da kaset, da tsada kuwa. A 1999 cinikin waƙoƙin da aka naɗa a Amurka ya kai dala biliyan 14.6. A shekarar ce kuma manhajar Napster ta ɓullo, matasa suka koma musayar waƙa kyauta ta intanet, zuwa 2014 cinikin ya dawo kusan dala biliyan 7. Da Spotify da ire-irenta suka farfaɗo da kasuwar, abin da ake biya a kan sauraro ɗaya bai kai kwabo ɗaya na Amurka ba. Sai al'amari ya juye: faifai ya zama talla, tikitin shiga kallo ya zama abinci. Masoyan nan da suka yi ihu suna 'yan shekara goma sha, yanzu su ne masu gidaje da fansho, su ne ke iya sayen tikiti mai tsada. Rangadin ban kwana da Elton John ya yi daga 2018 zuwa 2023 ya tara sama da dala miliyan 900.

Jiki kuwa ba ya karanta lissafi. Phil Collins, wanda aka fara saninsa da ganga, ya yi wasanninsa na ƙarshe da ƙungiyar Genesis a 2022 yana zaune a kujera, ɗansa Nic na buga masa gangunan da hannunsa ya daina iya riƙe sandunansu. Ozzy Osbourne ya yi wasan sallama a garinsu Birmingham ranar 5 ga Yulin 2025, shi ma a zaune saboda ciwon karkarwa, ya mutu ranar 22 ga watan. 'Yan ƙungiyar ABBA sun samo wata dabara: tun 2022 ake nuna surarsu ta ƙuruciya da kwamfuta ta zana a wani zaure da aka gina musamman a Landan, su kuwa suna gida. Ni dai wannan bai burge ni ba, amma zauren cika yake.

Duk waƙar da aka naɗa tana da mallaka iri biyu. Akwai haƙƙin rubutu, wato kalmomi da karin waƙar, na wanda ya tsara ta ne, ko na kamfanin da ya sayar wa. Akwai kuma haƙƙin masta, wato ainihin naɗin da aka yi a situdiyo wanda daga shi ake buga kwafi, wannan galibi na kamfanin faifai ne. Duk lokacin da aka sa waƙar a rediyo, ko a fim, ko a talla, masu waɗannan haƙƙoƙi ne kuɗi ke bi, ko suna barci. Wanda aka ɗauka ya buga ganga ko jita a ranar naɗi, an biya shi ladan ranar, shi ke nan.

John Lennon da Paul McCartney na Beatles sun zuba waƙoƙinsu a kamfanin Northern Songs a 1963, suna samari, ba su da rinjaye a cikinsa. A 1969 aka sayar da kamfanin ga ATV ba da son ransu ba. Bayan shekaru, McCartney ya zaunar da Michael Jackson, lokacin suna aikin waƙa tare, ya nuna masa irin arzikin da ke cikin mallakar waƙoƙin wasu. Ɗalibi ya fahimci darasi fiye da yadda malam ya so: a 1985 Jackson ya saye ATV, da waƙoƙin Beatles a ciki, kan dala miliyan 47.5. Mu a lokacin rawarsa muke kallo. Kaset ɗin "Thriller" na yawo daga hannu zuwa hannu, samari a biranenmu na koyon tafiyar baya da baya a kan siminti, ba wanda ya san cewa babbar rawar da ya taka a ofishin lauyoyi ya taka ta. A 1995 ya haɗa hannun jari da Sony, a 2016 kuma, shekara bakwai bayan mutuwarsa, Sony ta biya magadansa dala miliyan 750 don rabin da ya rage.

Wannan kasuwa ce ta buɗe sosai a 'yan shekarun nan. Masu zuba jari sun gano cewa tsohuwar waƙar da mutane suka haddace ba ta faɗuwa, kullum tana ɗigo. Bob Dylan ya sayar wa Universal rubutattun waƙoƙinsa a ƙarshen 2020 kan kuɗin da aka kiyasta ya haura dala miliyan 300. Bruce Springsteen ya sayar wa Sony nasa, rubutu da masta, a ƙarshen 2021 kan kimanin dala miliyan 500. Dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya ya san raba tsabar kuɗi ga 'ya'ya ya fi raba waƙa sauƙi.

To, sai a juya a dubi mutanen kiɗan fank.

James Brown ne ya haƙa rijiyar. An haife shi cikin talauci a South Carolina a 1933, ya yi goge takalmi, ya yi zaman gidan kangararrun yara, ya fito ya zama mutumin da ranar 5 ga Afrilun 1968, washegarin kisan Martin Luther King, aka haska wasansa kai tsaye a talabijin a Boston don a tsayar da mutane a gida kada gari ya kama da wuta. Abin da ya kawo a kiɗa, musamman daga "Cold Sweat" ta 1967, shi ne ya ɗora nauyin kiɗan a kan bugun farko na kowane zagaye, ya kuma mayar da kowane kayan kiɗa ganga: jita ta daina rera, ta koma sara, ƙahonni suka koma tsawa gajere-gajere, har muryarsa ta zama bugu. Kunnen da ya tashi da kalangu ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Shi ya sa ya kama Afirka da wuri. Geraldo Pino na Saliyo ya cika Legas da salon Brown tun shekarun 1960, kuma da Brown ɗin kansa ya zo Legas a Disambar 1970, makaɗansa sun riƙa sulalewa da dare zuwa kulob ɗin Afro-Spot don su ji Fela da mai gangarsa Tony Allen. Bootsy Collins, mai jitar bes, wanda a lokacin bai kai shekara 20 ba, ya daɗe yana ba da labarin yadda abin da ya ji a can ya girgiza shi. A 1974 Brown ya sake dawowa nahiyar, shi ne babban baƙo a bikin kiɗan Kinshasa da aka shirya albarkacin damben Muhammad Ali da George Foreman.

Yadda Bootsy ya shigo ƙungiyar ma labari ne. Brown ubangida ne mai tsanani. Yana tsaka da rawa zai juya ya buɗe wa makaɗi yatsu, jama'a su ɗauka salo ne, alhali tara ce ya yanka masa saboda ya kuskure bugu ko takalminsa bai sha gogi ba. A Maris na 1970 yawancin makaɗansa suka haɗa kai suka ce sai an gyara musu biya. Bai tsaya ciniki ba; ya aika jirginsa Cincinnati aka ɗauko wasu samari, cikinsu har da Bootsy da wansa Catfish, suka hau dandamali a daren. Su ma ba su cika shekara guda da 'yan kai ba suka kama gabansu.

Cikin waɗanda suka yi wa Brown ganga akwai Clyde Stubblefield, mutumin Chattanooga da bai taɓa zama gaban malamin kiɗa ba. A Nuwambar 1969, a wani situdiyo a Cincinnati, ana cikin naɗin wata waƙa da aka sa wa suna "Funky Drummer", Brown ya sa kowa ya yi shiru aka bar Clyde shi kaɗai na kimanin daƙiƙa ashirin. Waƙar ba ta yi wani tashe na a zo a gani ba lokacin da ta fito. Amma da hip-hop ya taso a shekarun 1980, matasan New York suka riƙa yanko daƙiƙoƙin nan da na'ura suna maimaita su, suna ɗora nasu baitocin a kai. Public Enemy sun yi, Run-DMC sun yi, LL Cool J ya yi, George Michael ya yi, har adadin waƙoƙin ya wuce dubu. Duk wanda ya saurari rediyo a shekarun 1990, ko a Kaduna yake ko a Yamai, ya ji hannun Clyde ko da bai taɓa jin sunansa ba. Daga 1991, bayan wata shari'a da aka yi wa mawaƙi Biz Markie a New York, ya zama dole a nemi izini a kuma biya kafin a yanki kiɗan wani. Sai dai masu haƙƙi ake biya, sunan da ke kan takardar waƙar kuwa na James Brown ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Clyde ya zauna a Madison ta jihar Wisconsin, ya shafe shekaru yana wasa a wani ƙaramin kulob duk daren Litinin. Da ciwon daji ya kama shi, ba shi da inshorar lafiya. Sai bayan mutuwar mawaƙi Prince a 2016 iyalinsa suka bayyana cewa Prince ne ya biya masa kimanin dala dubu 80 na asibiti, ya kuma roƙa kada a faɗa. Clyde ya mutu a Fabrairun 2017 yana da shekara 73.

Shi kansa gardin bai ƙare lafiya ba. Brown ya mallaki gidajen rediyo da jirgin sama, hukumar haraji ta bi shi, ƙwaya ta ci shi, matansa sun sha wuya a hannunsa, ya yi zaman kurkuku daga 1988 zuwa 1991. Ya mutu ranar Kirsimeti ta 2006, ya bar wasiyyar a yi amfani da mafi yawan dukiyarsa wajen karatun 'ya'yan talakawa a South Carolina da Georgia. Aka shafe kusan shekara 15 ana shari'a a kan gadon kafin a sasanta a 2021. Yaran da ke aji ɗaya ranar da ya mutu sun gama sakandare ana ta ɗage zama.

Ba zan ce duk wanda ya tsufa a tsiya zaluntarsa aka yi ba. Sly Stone, wanda ya haɗa baƙaƙe da farare, maza da mata a ƙungiya ɗaya, ya kuma tashi taron Woodstock tsaye cikin tsakar dare a 1969, da hannunsa ya rushe abin da ya gina. Hodar iblis ta sa ya riƙa ƙin zuwa wasannin da aka riga aka sayar da tikitinsu, har masu shirya wasa suka guje shi. Amma da ya shiga matsi, abin da ya fara fita daga hannunsa shi ne haƙƙin waƙoƙinsa, kuma Michael Jackson na cikin waɗanda suka saya. A 2011 jaridu suka same shi yana kwana a mota a Los Angeles, alhali waƙoƙinsa na tashi a tallace-tallace. A 2015 masu taya alƙali hukunci suka yanke a ba shi dala miliyan 5, daga baya alƙali ya ce ba zai karɓa ba, domin tun 1989 ya sa hannu ya miƙa kuɗin ga wani kamfani. Ya mutu a Yunin 2025. Mawaƙan rok nawa ne suka sha ƙwaya kamar Sly, ko fiye? Keith Richards na nan da ransa. Bambancin shi ne wani in ya farfaɗo yana tarar da dukiyarsa na jiransa, wani kuwa sai ya tarar an kwashe.

Kuma ba launin fata kaɗai ba ne, ko da yake ya taka rawa babba tun zamanin da Little Richard ke karɓar rabin kwabo a kan kowane faifai. Rolling Stones ma sun rasa waƙoƙinsu na shekarun 1960 ga tsohon manajansu Allen Klein, har da "Satisfaction" ɗin. Abin da suka yi shi ne suka ɗauko masanin harkar banki ya riƙe musu lissafi, suka kafa kamfanin faifansu, suka mayar da rangadi masana'anta. A ɓangaren baƙaƙe kuma akwai Nile Rodgers na ƙungiyar Chic. A 1979 ya ji kiɗan waƙarsu "Good Times" a ƙarƙashin "Rapper's Delight", shi da abokinsa Bernard Edwards suka yi barazanar kai ƙara, aka sa sunayensu cikin marubuta. A shekarar ce aka yi wa kiɗan disko bore a Amurka, har aka tara faya-fayansa aka fasa a filin wasa a Chicago, kasuwar Chic ta mutu. Rodgers ya koma bayan fage yana tsara wa wasu: Diana Ross a 1980, David Bowie a 1983, Madonna a 1984, sai ga shi a 2013 tare da Daft Punk a waƙar da ta zaga duniya, yana da shekara 60. Bill Withers kuwa, wanda ya shiga waƙa a makare daga aikin haɗa ban-ɗakin jiragen sama, ya gaji da kamfani a 1985 ya ajiye sana'ar. Ya riƙe haƙƙin mafi yawan abin da ya rubuta, shi ya ci da shi har mutuwarsa a 2020.

Prince ne ya fito da maganar fili. A 1993 ya shiga rigima da kamfanin Warner a kan mallakar mastocinsa, ya ajiye sunansa ya ɗauki wata alama da ba ta furtuwa, ya riƙa fitowa da kalmar bawa rubuce a kumatunsa. Aka yi ta yi masa dariya, ana cewa kuɗi ne suka yi masa yawa. A 2014 kamfanin ya mayar masa da mastocin. Ya ci moriyarsu shekara biyu kacal, ya mutu yana da 57 sakamakon maganin kashe raɗaɗi da ya wuce kima, bai kuma bar wasiyya ba. Tasirinsa ya kai har Agadas, inda a 2015 mai jita Mdou Moctar ya fito a wani fim da aka gina a kan labarin "Purple Rain" na Prince.

Wadda ta fi burge ni a cikinsu duka Tina Turner ce, domin ita ba marubuciyar waƙa ba ce sosai, ba ta da rumbun da za ta jingina da shi. A Yulin 1976 ta gudu daga mijinta Ike a Dallas, bayan shekaru na duka, da kwabo 36 a hannunta. A wajen rabuwa ta bar masa kusan komai, ta ce a bar mata sunan da take waƙa da shi. Ta yi shekaru tana wasa a otal-otal tana biyan bashin wasannin da aka soke. Kamfanoni na ganin baƙar mace mai shekara arba'in ta gama yayi. A 1984, tana da 44, ta fitar da "Private Dancer". A Janairun 1988 mutum kusan dubu 180 suka cika filin Maracanã na Rio don kallonta. Ta yi rangadin ƙarshe ta sauka a 2009 da ƙafarta, ta koma Suwizalan, ta sayar wa kamfanin BMG haƙƙoƙinta, har da na suna da hoto, a 2021, ta mutu a Mayun 2023 tana da 83. Sunan nan da ta nace a bar mata, shi ne jarin.

A ganina, idan an ga tsoho a dandamali, kada a yi saurin cewa kwaɗayi ne, kada kuma a yi saurin cewa son sana'a ne. A tambaya tukuna wa ke da takardun waƙar da yake rerawa. Jagger na rawa ne don ya ga dama. Akwai da yawa da ke rawa don ranar da suka zauna, tukunya ta sauka.

George Clinton, jagoran Parliament da Funkadelic, mutumin da a shekarun 1970 yake saukowa dandamali daga cikin wani ƙaton kumbon roba da ƙarfe, wanda kuma a kan kiɗansa Dr. Dre da Snoop Dogg suka gina nasu, ya sanar a 2018 cewa zai daina rangadi, bai daina ba. Tun 2001 wata kotu ta yanke cewa yawancin tsofaffin waƙoƙinsa mallakar kamfanin Bridgeport ne, shi kuwa ya dage cewa takardun da aka dogara da su na jabu ne. A Maris na 2025 ya sake shigar da ƙara a Florida yana neman dala miliyan 100, yana da shekara 83.